Yadda Za Ki Hana Marubuci Kashe Ki a Wasan Rediyo

Ke 'yar wasan kwaikwayon rediyo, wadda kika tsufa a gaban makirfo, kika kuma fara lura shugabar shiri ta daina haɗa ido da ke a wurin shan shayi, kwantar da hankalinki. Matakai bakwai ne kacal. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na yi miki alkawarin babu marubucin da zai iya kai ki kabari, ko da ya riga ya rubuta jana'izar.

Ba da ka nake magana ba. Sunana Alec, shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin sauti a gidan rediyonmu na nan arewacin Ingila. Ni ne ƙarar ƙofa, ni ne takun doki, ni ne tafasar buta. A gabana aka kashe 'yan wasa goma sha bakwai. Mutum ɗaya ce ta ƙi mutuwa, Noreen Tattersall, kuma daga wurinta na kwaso duk wannan ilimi.

Mataki na 1: Ki gane tarin farko

Ba a kashe mutum farat ɗaya a rediyo. Masu sauraro ba sa son a firgita su suna tsakiyar wanke kwanuka. Da tari ake farawa.

Noreen tana da shekara sittin da takwas a lokacin, ashirin da shida daga ciki ta yi su ne tana fitowa a matsayin Edna mai kanti a shirin Mutanen Scarbeck, wanda muke watsawa kullum bayan abincin rana. Ƙauyen Scarbeck babu shi a taswira, amma a kasuwa mata kan tare Noreen su tambaye ta ko an kawo ƙwai. Ita ma ba ta musu, sai ta ce su dawo Alhamis. Mijinta na gaskiya ya rasu da daɗewa, 'yarta tilo tana aure a Ostiraliya. Bas ɗin ƙarfe takwas da minti goma da ke kawo ta gidan rediyo, shi ne dalilin tashinta kowace safiya.

Wata Talata cikin watan Oktoba aka raba takardun wasa. A shafi na huɗu, ƙarƙashin layinta, ta ga an rubuta da ƙananan haruffa: Edna ta yi ɗan tari.

Wilf Garside ya leƙo ta kafaɗarta. Shi ne ke fitowa a matsayin Stan, mijin Edna. A rediyo ba a taɓa jin ma'aurata masu ƙaunar juna irinsu ba. A bayan fage kuwa shekara ashirin da shida suka yi suna faɗa a kan kujerar da ke kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

"To, tsohuwa," in ji shi, "bari in sa a goge mini baƙar kwat ɗina."

"Ka ji da haƙoranka tukuna, kada su sake faɗowa kan makirfo."

"Ni dai na tuna yadda aka yi da mai gidan waya na Scarbeck. Tari ranar Talata, likita bayan sati biyu, kafin Kirsimeti ana yi masa waƙa a coci."

Ta yi tsaki, ta juya shafin. Kowa ya san sabuwar shugabar shiri, Philippa Crane, tana neman babban abu na bikin cikar shirin shekara arba'in, wanda za a watsa kai tsaye daga ɗakin taro na gari. A sana'armu kuwa, in an ce babban abu, gawa ake nufi.

Mataki na 2: Kada ki yi tarin

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ki karanta layinki, ki wuce.

Haka Noreen ta yi. Muryar Philippa ta fito ta lasifika daga bayan gilashi.

"Misis Tattersall, kin tsallake tarin."

"Ashe? Tabarau ne, 'yar nan. Ba sa ganin ƙananan haruffa."

Aka sake ɗauka, ta tsallake. A karo na uku sai ta ja dogon numfashi irin na mai cikakkiyar lafiya, ta ƙara da wani layi nata na kanta, cewa ita Edna ji take kamar ta hau tudu da gudu. Philippa ta ce ya isa, an gode. Noreen ta tafi gida tana jin ta ci nasara.

Da ta fita aka kira ni. Ba zan ɓoye miki ba, ni na yi tarin. Aiki ne.

Washegari da sassafe ta same ni a ɗakin kayan sauti ina gyara ƙofar wasa.

"Alec, kai ne?"

"Noreen, umarni aka ba ni."

"Ban damu da cin amanar ba. Amma ko tarin mace ba ka iya ba? Ina kicin na ji Edna ta yi ƙara kamar tsohuwar tarakta. Matar da ko taba ba ta taɓa sha ba!"

Darasi a nan: mai sauti yana iya sa ki tari, ya sa ki faɗo daga bene, ya sa ki nutse a kogi, duk kina gida kina shan shayi. Ki riƙa gaishe shi da kyau.

Mataki na 3: Ki ciyar da marubuci

Marubuta mutane ne masu yunwa. Namu, Gethin Prosser, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, siriri ne kamar sandar lema, abincinsa burodi mai sanyi daga leda. Noreen ta fara kawo masa kek ɗin citta a gwangwani, wanda take gasawa da kanta. Ta zauna kusa da shi tana tambayar lafiyar mahaifiyarsa da ke Wales. Ta ɗinke masa maɓallin riga. Sati uku ana haka, har kumatunsa suka fara fitowa.

Ranar da ta ga ya nuna, ta zuba masa shayi ta ce, "To, ɗana, wannan tari na Edna, ba mura ba ce kawai?"

Gethin ya ajiye kofi. Idonsa ya cika da hawaye.

"Misis Tattersall, ban san haka kike ba. Kunya nake ji. Kin san yadda na shirya kashe ki da farko? Layi ɗaya. Stan ya shigo ya ce ya tsince ki a bayan kantar kanti, babu rai. Ko magana ba za ki yi ba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu shafi shida zan ba ki! Ban taɓa rubuta abu mai kyau kamarsa ba. Jiya ina rubutawa ina kuka. Mutuwar da za ki yi, za a shekara ashirin ana maganarta."

Noreen ta miƙe tsaye. Ta miƙa hannu ta karɓe yankin kek ɗin da ke hannunsa, ta mayar cikin gwangwani, ta rufe, ta fita.

Saboda haka ki ciyar da shi, amma kada ki wuce sati ɗaya. Marubucin da ya ƙaunace ki ya fi wanda ya tsane ki haɗari.

Mataki na 4: Ki tayar da jama'a

Shugabanni ba sa tsoron 'yan wasa, wasiƙun masu sauraro suke tsoro. In masu sauraro sun yi nawa, ki taimaka musu.

Noreen ta sayi biro kala biyar da takardu iri iri. Ta zama tsohon soja, ta zama matar fasto, ta zama direban babbar mota mai sauraron shirin a kan hanya. Ranar Asabar ta hau bas ta zaga garuruwa huɗu tana jefa wasiƙu, don kada tambarin gidan waya ya zama iri ɗaya. Wasiƙa arba'in da biyu, duk suna roƙon a bar Edna.

Ranar Laraba Philippa ta kira ta ofis. Wilf na zaune a ciki, wasiƙun a baje a kan tebur.

"Misis Tattersall, masoyanki suna da yawa. Abin mamaki, dukansu sun ba da shawara iri ɗaya a ƙarshe. Mista Garside, karanta mana ɗaya."

Wilf ya gyara tabarau. "'In dole sai an kashe wani, ga Stan nan, ba abin da yake yi sai numfashi da ƙarfi a makirfo.'" Ya ɗauki wata. "'Me ya hana tarakta ta bi ta kan Stan?'" Ya ɗauki ta uku. "Wannan matar fasto ce. Ta ce a jefa ni rijiya."

"Sannan direban motar," in ji Philippa, "ya san cewa Alec ne ya yi tarin. Ina ya ji?"

Noreen ta jira Wilf ya yi mata ba'a kamar kullum, don ta samu ta rama. Bai yi ba. Ya jera wasiƙun a hankali, ya ɗauki hularsa, ya ce bas zai wuce shi.

Da yamma na same ta ita kaɗai a ɗakin shayi, a kan kujerar nan ta kusa da na'urar ɗumi, wadda ranar babu mai jayayya da ita a kai. Akwai abin da na sani, domin mai sauti yana jin abubuwa da yawa in an manta makirfo a buɗe. Na yi shawara da zuciyata, na faɗa mata.

"Noreen, tun ranar tarin farko Wilf ya je wurin Philippa. Ya ce a kashe Stan a bar Edna. Ya ce shi yana da lambu da jikoki shida, ke kuwa Scarbeck kaɗai gare ki."

"Me ta ce masa?"

"Ta ce babu wanda zai yi kuka don Stan."

Ta ajiye kofin shayinta.

"Tsohon banza," ta ce a hankali. "Wa ya aike shi?"

Darasi: in za ki rubuta wa kanki wasiƙa, ki bar abokin aikinki a raye ko da a cikin guda biyu ne.

Mataki na 5: Ki nemi gafara ba tare da kin furta kalmar ba

Ke babbar 'yar wasa ce, ba ki ba da haƙuri da baki. Da abinci ake bayarwa.

Ranar Asabar da rana ta sayi kifi da soyayyen dankali ƙunshi biyu, ta tafi lambun Wilf da ke bayan layin dogo. Ta tarar da shi yana cire albasa. Ta ajiye masa ƙunshi ɗaya a kan baro, ta zauna a kan bokiti.

"An ba ni biyu bisa kuskure," in ji ta.

"An sa gishiri?"

"Da yawa. Don hawan jininka."

Suka hau ci, jirgin ƙasa ya wuce. Wilf ya lashe yatsu.

"Rijiya, Noreen? Ina ma rijiya take a Scarbeck?"

"Da Gethin ya haƙa maka."

Dariya ta ƙwace masa har ya dafe haƙoransa. Daga nan ta ce masa ta haƙura, za ta mutu ranar Lahadin biki yadda aka rubuta, kuma za ta yi ta da kyau. Abu ɗaya take roƙo, kada ya yi kukan nan nasa mai kama da na agwagwa.

Wilf ya kakkaɓe ƙasa daga jikin albasa.

"Kin san dai kai tsaye ne. Abin da ya fita daga bakin mutum ya riga ya shiga gidaje. Babu a sake ɗauka."

"Me kake nufi?"

"Ba na nufin komai. Ni mijinta ne kawai. In matata ta tashi, murna zan yi."

Ta tafi gida da albasa shida a jaka.

Mataki na 6: Ki mutu da kyau, sannan ki fasa

Ki lura, wannan mataki ba ya aiki sai kin yi rabin farko da gaske. Wadda ba ta iya mutuwa ba, ba wanda zai damu da tashinta.

Ranar Lahadi ƙarfe biyu na rana ɗakin taro ya cika, mutum ɗari shida, ban da waɗanda ke gida kusa da rediyo. 'Yan wasa na tsaye a gaban makirfo da takardunsu. Ni ina gefe da teburin kayana, ina riƙe da agogon bango, wanda aka umarce ni in tsayar da shi da zarar Edna ta cika.

Ban taɓa jin Noreen ta yi wasa kamar na ranar ba. Shafi shidan nan ta bi su a hankali, muryarta na raguwa. Ta gaya wa Stan inda ta ɓoye makullin sito. Ta tuna masa ranar da suka buɗe kantin da gwangwanin wake goma da sikeli na aro. Ta ce ya riƙa sa rigar sanyi. A layin gaba wani ƙaton mahauci yana kuka a cikin hularsa. Gethin na bayan labule yana motsa leɓe tare da ita. Wilf ya riƙe hannunta, abin da babu shi a takarda, tunda rediyo ba ta ganin hannu.

Wanda ke fitowa a matsayin likita ya matso ya ce, "Stan, sai haƙuri. Ta tafi."

Na tsayar da agogo. Ɗakin ya yi tsit. Saura mai molo ya fara kiɗan rufewa.

Noreen ta gaya mini daga baya cewa har zuwa wannan lokacin niyyarta ta mutu. Sai ta ɗaga ido ta ga bas ɗin ƙarfe takwas da minti goma a zuciyarta yana wucewa ta ƙofar gidanta gobe, ita kuma tana tsaye a taga da rigar barci. Ta matso kusa da makirfo.

"Stan," in ji ta da muryar Edna ta kullum, "ka kashe murhu kuwa?"

Wata mata ta yi ƙara a bayan ɗaki. Likita ya juya takardarsa gaba da baya yana neman layin.

Wilf bai ko ƙifta ido ba. "Edna! Likita ya ce kin tafi."

"Ina zan je cikin wannan ruwan?"

Babu ruwan sama a takarda. Na jefar da agogo, na wawuri tiren shinkafa na fara zubawa a kan kwano. Aka yi ruwa a Scarbeck kamar da bakin ƙwarya.

"Likita, me ke nan?" in ji Wilf. "Ka yi mana bayani."

Bawan Allah ya sauke takardarsa. "Akan samu haka," in ji shi. "Jefi jefi."

"To sa mini buta, Stan. Kuma ka daina wannan kukan, kamar agwagwa."

Ɗakin ya fashe. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi suna buga ƙafa. Mahaucin ya rungumi wanda ke kusa da shi. Ta gilashin ɗan ɗakin watsa shiri da ke gefe na hango Philippa, yatsanta a kan maɓallin yanke sauti, amma ba ta danna ba. Ita ma dariya take yi, tana girgiza kai kamar mai shirin kashe mutum da hannunta.

Mataki na 7: Ki shirya wa ramuwa

Kin ci nasara. Wayoyin gidan rediyo ba su huta ba har Laraba, jaridun yanki sun buga hotonki, babu shugabar da za ta iya kashe ki yanzu. Amma ki tuna kin lalata wa marubuci shafi shida mafi kyau a rayuwarsa, kuma alƙalami na hannunsa.

Gethin ya yi sati ɗaya ba ya gaishe ta. Ranar Litinin ta biyu aka raba takardu, Noreen ta duba daga farko har ƙarshe ba ta ga layinta ko ɗaya ba. Sai bayani: ciwon ya taɓa maƙogwaron Edna, likita ya hana ta magana har sai abin da hali ya yi. An ba ta ƙararrawar kanti. Bugu ɗaya, i. Bugu biyu, a'a.

"Gethin, rediyo ce fa," in ji ta. "Mace marar murya a rediyo?"

"Kina raye, Misis Tattersall. Ba abin da kika nema ke nan ba?"

Na miƙa hannu zan ɗauki ƙararrawar, tunda duk abin da ke ƙara aikina ne. Ta buge mini hannu.

"Ka yi mini tari, ba za ka yi mini wannan ba."

Wata biyar ta yi tana hawa bas, ta zo ta tsaya a gaban makirfo da ƙararrawa. Wilf kuwa ya samu abin da bai taɓa samu ba, duk maganar gidan ta koma bakinsa. Sai ya ce wa mai sayen sukari, "Edna ta ce ni ne mai gaskiya tun farko." Sai ka ji bugu biyu masu zafi kamar mari. Ya ce, "Ka ji, tana yaba mini." Sai ƙararrawa ta rikice. Noreen ta koya wa ƙarfen nan fushi, ta koya masa gatse, ta koya masa shagwaɓa. Akwai ranar da Stan ya tambaye ta ko ta yi nadamar aurensa, aka yi shiru mai tsawo, sannan ta buga sau biyu a hankali. Mutane sun tsayar da motoci a gefen titi ranar. Gethin da kansa ya fara rubuta wa ƙararrawar shafi guda guda, yana kuma sake karɓar kek.

Da bazara ta shigo aka mayar wa Edna muryarta. Wata ɗaya bayan haka sai ga takarda daga ƙungiyar masu aikin rediyo ta arewa. Shekara ashirin da shida Noreen ta yi tana magana ba a taɓa ba ta ko kofin roba ba. Yanzu an zaɓe ta gwarzuwar 'yan wasan rediyo ta shekara, saboda watanni biyar ɗin da ba ta ce uffan ba.

A wurin walimar rana aka miƙa mata kambun. Mai gabatarwa ya ce yana fatan za ta ce wani ɗan abu, ko da kalma biyu. Wilf ya sunkuyo ya ce mini, "Ya jawo wa kansa." Noreen ta gyara makirfo daidai tsawonta, ta yi jawabin minti goma sha tara. Miya ta huce, aka kwashe, aka kawo nama tana kan labarin shekararta ta uku a Scarbeck. Da aka kashe makirfon sai ta ci gaba babu shi, kuma har teburin ƙarshe ana jin ta.

Gargaɗi

Duk abin da ke sama shawara ce kawai, ta mutumin da sana'arsa buga kwano da cokali. In kin bi matakan nan aka sallame ki, ko aka tura ki ziyarar 'yar'uwa a Kanada ba a sake ambaton sunanki ba, ko aka ɗauko wata aka ba ta matsayinki aka ce mura ce ta sauya miki murya, babu hannuna. In likitan wasanku ya suma a gaban jama'a, ke za ki yi masa fifita. In shugabarku ta danna maɓallin, ban san ki ba, ban taɓa ganin ki ba, kada ki zo gidana. In kuma wannan takarda ta faɗa hannun Noreen Tattersall, wani Alec ne daban ya rubuta ta.